Yadda ake haɗa tarihin sha'iri ɗan jarida: aiki a kan Iliya Abu Madi

Ɗalibin sashen Larabci da aka ba shi aikin rubuta tarihin wani sha'iri yakan fara da diwani, wato littafin waƙoƙin sha'irin, ya kuma ƙare da diwani. Ya kwafo shafi biyu na haihuwa da tasowa daga gabatarwar littafin, daga nan sai sharhin baitoci har ƙarshen kundi. In sha'irin na zamanin Abbasiyawa ne ana iya yi masa uzuri, don abin da ya rage a hannun mutane ke nan. Amma in mutum ne da jarida ta ciyar da shi, wannan hanya takan zubar da mafi yawan rayuwarsa a ƙasa. Iliya Abu Madi diwani 5 ya bari. A ɗakin jarida kuwa ya yi kimanin shekara 40, daga 1916 har rasuwarsa a 1957, yana rubuta sharhi, yana gyara rubutun wasu, daga baya kuma yana neman kuɗin takarda da tawada. Da shi za mu yi misali, sai dai hanyar ɗaya ce ko a kan Khalil Mutran kake aiki, ko al-Jawahiri, ko Mahmud Darwish.

Fara da ƙashin baya

Kafin ka nutsa cikin littafin kowa, ɗauki takarda guda ka jera abubuwan da ba a jayayya a kansu. Kada su wuce layi 15. Na Abu Madi ga yadda za su kasance. An haife shi a ƙauyen al-Muhaidisa, kusa da Bikfayya a tsaunukan Labanan, a gidan Kiristoci mabiya cocin Otodoks. Yana ɗan kimanin shekara 11 ya tafi Iskandariyya, inda ya yi sana'ar sayar da taba yana karatu a gefe. A can ya buga diwaninsa na farko, Tazkarul Madi, a 1911, ya sadaukar da shi ga al'ummar Masar. Daga nan ya ƙetara Amurka, ya zauna a Sinsinati yana kasuwanci tare da ɗan'uwansa. A 1916 ya koma Niyok ya shiga aikin jarida, kuma ya yi kusan shekara 10 a Mir'atul Garb, jaridar Najib Diyab wanda ya zama surukinsa. Diwani na biyu ya fito a 1919 da gabatarwar Jibran Khalil Jibran. Al-Jadawil ya fito a 1927 da gabatarwar Mikha'il Nu'aima. A 1929 ya kafa as-Samir, mujalla mai fitowa sau biyu a wata, wadda ta koma jaridar kullum a 1936. Al-Khama'il ya fito a 1940. A 1948 ya ziyarci Labanan don taron UNESCO da aka yi a Bairut. Ya rasu a Niyok ranar 23 ga Nuwamba, 1957, kuma Tibr wa Turab ya fito bayansa, a 1960.

Wannan takarda ita ce magwajinka. In ka karanta cewa waƙa kaza ya yi ta ne bayan ya ga Labanan da idonsa a ziyarar nan, alhali waƙar tana cikin al-Jadawil, ka san maganar ba ta tsaya ba, don 1927 ta riga 1948. In an ce maka shi ne shugaban ar-Rabita al-Ƙalamiyya, ƙungiyar marubutan da aka tsayar a Niyok a 1920, gyara: Jibran ne shugaba, Nu'aima sakatare, Abu Madi ɗan ƙungiya. Shi kuma diwanin ƙarshe, tunda mai shi bai ga bugunsa ba, kada ka gina wata hujja a kan jerin waƙoƙin cikinsa kamar shi ya jera su da hannunsa.

Shekarun da ake saɓani a kansu

Za ka ga ba mu sa shekarar haihuwa a sama ba. Littattafai sun rabu tsakanin 1889 da 1890, wasu ma sun kawo wata daban. Haka zuwansa Masar yana yawo tsakanin 1900 da 1902, zuwansa Amurka tsakanin 1911 da 1912. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga littattafai, a ga bakwai sun ce kaza uku sun ce kaza, a bi masu yawa. Bakwai ɗin nan sau da yawa mutum ɗaya suka kwafa. Abin yi shi ne ka bi kowace shekara zuwa littafin da ya fara faɗarta, ka tambayi inda shi ya samo: daga bakin sha'irin, ko daga danginsa, ko daga takarda?

Akwai wani rami da ake faɗawa ba a sani ba. Marubuci ya karanta cewa yaron ya bar gida yana ɗan 11, ya riga ya yarda an haife shi a 1889, sai ya rubuta ya tafi Masar a 1900. Na bayansa ya zo ya ɗauki 1900 ya cire 11, ya ce ga hujja an haife shi a 1889. Lissafi ne ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. Duk inda ka ga shekara da shekarun mutum sun dace tsaf, bincika ko ɗayan daga ɗayan aka ciro shi.

Takardun da suka fi ƙarfi su ne waɗanda aka rubuta a lokacin don wata bukata daban. Jiragen ruwan da suka sauke baƙi a tsibirin Ellis suna da jerin sunayen fasinja da ranar isowa. Amurka tana ƙidayar jama'a duk shekara 10, kuma an buɗe takardun 1920, 1930, 1940 da 1950 ga masu bincike. A 1917 da 1918 an yi wa maza rajistar soja, har da baƙi, kuma katin yana ɗauke da ranar haihuwa. Sai dai kowace da lahaninta. Takardar ƙidaya yawan shekaru take rubutawa, kuma daga bakin wanda aka tarar a gida, don haka saɓanin shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. In kuwa ka samu rana daga littafin coci, tuna abu biyu: mai yiwuwa ranar baftisma ce, kuma cocin Otodoks na Sham a wancan zamani da tsohuwar kalandar Yuliyus yake aiki, wadda take bayan ta yanzu da kwana 12 a ƙarni na 19, kwana 13 daga 1900. In duk wannan bai raba gardama ba, rubuta shekarun biyu a jikin kundin, ka faɗi wadda ka fi karkata gare ta da dalilinka, a jimla uku. Ya isa.

Suna ma yakan ɓatar da mutum. A takardun Amurka da kan jaridarsa yakan fito da Elia D. Madey, harafin tsakiya na sunan mahaifinsa ne, Dahir. Jaridarsa As-Sameer ake rubuta ta da boko, ta surukinsa Meraat-ul-Gharb. Kuma kada ka nemi Labanan a matsayin ƙasar asali a takardun farko. Sai 1920 aka shelanta Labanan Babba. Kafin nan Suriyawa ake ce wa mutanen, wani lokaci ma a rubuta Turkiyya saboda mulkin Usmaniyya.

Jaridar ita ce babban aikin

A nan mafi yawan lokacinka zai tafi, kuma a nan kundinka zai bambanta da na wanda ya riga ka.

Fara sanin unguwar da jaridar ta taso. Larabawan Niyok suna da jaridu tun 1892, lokacin da Kaukab Amirka ta fara fitowa. Al-Huda ta Na'um Mukarzal ta fara a 1898, Mir'atul Garb a 1899, as-Sa'ih ta Abdul Masih Haddad a 1912, mujallar al-Funun ta Nasib Arida a 1913. Ba bakinsu ɗaya ba. Al-Huda ta jingina da Maroniyawa, Mir'atul Garb da 'yan Otodoks, kuma sun sha bamban a kan makomar Sham bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda bai san wannan ba zai karanta martani mai zafi ya ɗauka rikicin adabi ne, alhali tsohuwar gaba ce tsakanin gidajen jarida biyu.

Wajen nema, Cibiyar Khayrallah da ke jami'ar jihar Karolina ta Arewa ta ɗora hotunan jaridun Larabawan Amurka da dama a intanet. Mujallun adabi na Masar da Labanan, irin su al-Hilal da al-Muƙtaɗaf da ar-Risala, akwai su a taskar ash-Sharikh, ita ma a intanet. Su ake bukata don ganin yadda Gabas ta karɓi waƙoƙinsa, da kuma waƙoƙin farko na zamanin Iskandariyya, waɗanda mujallar az-Zuhur ta Antun al-Jumayyil tana cikin masu buga su.

Kada ka dogara ga akwatin bincike kaɗai. Manhajar da ke karanta hoton shafi tana tuntuɓe da tsohon bugu, inda tawada ta malala ko ɗigo ya ɓace, sai harufan ba, ta, nun da ya su cuɗe. Nemi sunan ta fuskokinsa uku na nahawu, Abu Madi, Abi Madi, Aba Madi, da hamza da babu hamza. Nemi laƙabin da abokan sana'a ke kiran edita da shi, wato sahibus Samir. Wajen neman waƙa, ɗauki kalma biyu ko uku da ba a cika haɗa su ba daga tsakiyar baiti, maimakon take, don take yakan canza. In duk wannan bai fito da komai ba, bai nuna babu ba. Sai ka buɗe fitowar watannin da kake zato shafi bayan shafi.

Nawa za ka karanta? Shekarun da as-Samir take mujalla, fitowa kusan 24 ce a shekara na tsawon shekara 7. Wannan ana iya karance shi duka, kuma ya kamata a karance, domin a nan hannun editan ya fi fitowa fili. Shekarun jaridar kullum dubban fitowa ne, ba mai kundin digiri da zai gama su. Yi zaɓe mai ƙa'ida, ka kuma faɗi ƙa'idar a gabatarwa: mako guda cikakke daga kowane wata uku, sannan mako biyu kafin da mako biyu bayan kowane babban al'amari. Manyan al'amuran su ne irin fitowar diwani, farkon yaƙi a 1939, 'yancin Labanan a 1943, abin da ya faru a Falasɗinu a 1948 da ziyararsa gida a shekarar. A ɓangaren mujalla kuma, rasuwar Jibran a Afrilun 1931 da komawar Nu'aima Labanan a 1932, waɗanda bayansu ƙungiyar ta watse.

Duk abin da ka samu, shigar da shi nan take a jadawali mai gida 8: sunan jarida, ranar fitowa, lamba, shafi, take, farkon layi, irin rubutun, da yadda aka sa hannu. Ajiye hoton shafin da suna mai farawa da shekara, wata, rana, don su jeru da kansu a kwamfuta. Ɗauki hoton kan jaridar tare da shafin. Mutane da yawa sun tashi da hoton waƙa mai kyau wanda ba su san ranarsa ba, kuma hoton da ba rana ba ya shiga hujja.

Kada ka tsallake abin da ba adabi ba. Talla, sanarwar kuɗin shiga na shekara, kiran masu bashi su biya, canjin adireshi, raguwar yawan shafuka: da su ake gane halin da gidan jarida yake ciki. As-Samir a 1929 ta fara, shekarar da kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, kuma masu sayenta 'yan kasuwa ne da masu talla. Mai son ya fahimci mutumin da ya yi ta kiran jama'a su yi murmushi, ya kamata ya san irin shekarun da ya yi kiran a cikinsu.

Sa wa kowace waƙa ranarta

Shekarar diwani iyaka ce kawai: tana nuna waƙar ba ta wuce wannan shekara ba. Tsakanin al-Jadawil da al-Khama'il shekara 13 ce, kuma a cikinsu mutum ya tashi daga ma'aikaci ya zama mai gidan jarida. In ka ɗauki duk waƙoƙin al-Khama'il a matsayin na 1940, ka matse shekara 13 a wuri guda, ba za ka ƙara ganin yadda tunaninsa ya tafi ba.

Don haka kowace waƙa da za ka yi magana a kanta, nemo fitowarta ta farko a jarida, ka ajiye ta gefen ta diwani, ka bi su baiti baiti. Abu uku ake duba. Na farko take. Na biyu baitocin da aka cire ko aka ƙara. Na uku, wanda ya fi amfani ga mai tarihi, layin nan da jarida kan sa a saman waƙa mai cewa an karanta ta a walimar karrama wane, ko a taron tara kuɗi don kaza. Sau da yawa diwani yakan zubar da wannan layi, sai waƙar da aka yi wa wani dare ɗaya ta koma kamar hikima ce da ba ta da lokaci. Akwai kuma waƙoƙin da bai saka a diwani ko ɗaya ba. Jurj Dimitri Salim ya tattara irinsu a littafin da aka buga a Alƙahira a 1977. Abin da sha'iri ya bari a baya yakan faɗi irin mutumin da yake so a tuna, don haka ka tambayi kowace: rauninta ne ya sa, ko matsayin siyasa ne da ya sauka daga kai?

Yi aiki da bugun farko in ka same shi. Tarin da aka yi ta bugawa daga baya mai haɗa dukkan waƙoƙin a littafi guda, wasunsu sun sake jeri bisa ƙafiya, sai ka rasa wace waƙa ce daga wane diwani. Baitocin shafukan intanet kuwa, kada ɗaya ya shiga kundinka sai ka gan shi a takarda. Ana jingina wa shahararru abin da ba su faɗa ba, kuma ana yanke baiti a tsakiya.

Rubutun da ba a sa wa hannu ba

Sharhin edita galibi ba suna. A as-Samir, inda shi ne mai gida kuma edita, zato mai ƙarfi ne cewa nasa ne, amma akwai lokutan tafiya da rashin lafiya da wani ke riƙe jarida. A Mir'atul Garb zaton ya fi rauni, don mai jaridar yana nan kuma shi ma marubuci ne. Raba abin da ka tara gida uku. Wanda ya sa wa hannu. Wanda bai sa wa hannu ba amma akwai shaida daga waje, kamar wata jarida ta mayar masa da martani da sunansa, ko shi ya koma kansa daga baya ya ce kamar yadda muka rubuta. Sai wanda salo ne kawai ya sa kake zato. Gida na farko da na biyu ake gina magana a kansu. Na uku a ambace shi da kalmar zato, kada ya ɗauki nauyin wani sakamako.

Masu suka

Ɗaha Husain ya yi wa al-Jadawil sharhi mai tsanani ta fuskar harshe, yana nan a cikin Hadisul Arbi'a. Ɗalibai sukan yi ɗaya daga abu biyu: su kwafe hukuncin su wuce, ko su yi fushi a madadin sha'irin. Duka biyun ba bincike ba ne. Ciro wuraren da ake kuka da su ɗaya bayan ɗaya, ka kai kowanne gaban ƙamus da littafin nahawu, ka ware: wannan kuskure ne tsantsa, wannan lalurar waƙa ce, wannan fuska ce da wasu malamai suka halatta, wannan kuwa maɗaba'a ce ta yi shi, don a jarida daidai yake. Sannan ka tuna Abu Madi ya buɗe diwanin da waƙar da take cewa wanda ya ɗauki shi'iri lafazi da awo kawai ba ya tare da shi. Wato rigimar ta girmi mutum biyun, tsakanin Alƙahira ce da marubutan ƙaura a kan me ake nema a waƙa. A ganinmu wanda ya yi wannan tacewa zai tarar sukar tana da gaskiya a wasu wurare, kuma gaskiyar ba ta hana diwanin zama mafi ƙarfin abin da ya rubuta ba.

Akwai kuma zargin da marubucin Jodan Rukus al-Uzaizi ya yi cewa ƙasidar aɗ-Ɗin an ɗebo ta daga waƙar wani Balaraben ƙauye. Irin wannan ana fara shi da tambaya ɗaya: yaushe aka fara rubuta kowace a takarda, kuma wa ya ruwaito ta baka? Sai an amsa wannan ake kwatanta ma'ana.

Aɗ-Ɗalasim da maganar aƙida

Wannan doguwar waƙa, mai fiye da sashe 70 kowanne yana rufewa da lastu adri, wato ban sani ba, ita ce inda ɗalibi Musulmi ya fi samun tangarɗa. Mai waƙar yana tambayar daga ina ya zo, ina za shi, yana tambayar teku da kabari da gidan ibada, kuma ko'ina amsar ɗaya ce. Wasu sukan mayar da babin filin raddi, su manta tarihi suke rubutawa. Wasu su yi ta lanƙwasa baitocin har su ce ai tasbihi ne. Hanya madaidaiciya ita ce ka faɗi abin da waƙar ta ce yadda ta ce shi, ka faɗi cewa mai ita Kirista ne da ya taso tsakanin Labanan da Masar da Amurka, ka kawo martanin da aka yi mata a matsayin ɓangaren tarihinta. Shaikh Muhammad Jawad al-Jaza'iri na Najaf ya amsa ta da waƙa mai suna Hallul Ɗalasim. In kana da matsayinka na aƙida, ba shi sakin layinsa daban, da sunanka, inda mai karatu zai gane yanzu kai ne ke magana.

Waƙar nan kuma ita ce maganin laƙabin da aka manna masa na sha'irin kyakkyawan fata. Laƙabin yana da tushe, amma wannan waƙa a diwani ɗaya take da waƙar al-Masa, inda yake lallashin mai baƙin ciki. Wanda ya sa wa waƙoƙin ranakunsu shi zai iya cewa ko shakka ce ta rigayi murmushin, ko tare suka yi ta tafiya.

In za ka kawo baitocin da Hausa

Yi fassara hawa biyu: ta ma'ana, layi da layi, don hujja, sannan ta waƙa in kana da hannu. Kada ta biyun ta maye gurbin ta farko. Rubutacciyar waƙar Hausa ta daɗe tana hawa bahar ɗin Larabci, don haka riƙe awon ba abu ne mai wuya sosai ba. Aɗ-Ɗalasim a kan ramal take, kuma lastu adri ƙafa ɗaya ce cif, fa'ilatun. «Ban sani ba» gaɓa huɗu ce, mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi, sai ta ƙarshe da ake ja a ƙarshen ɗango. Ta zauna a kan awon ba tare da an matsa mata ba.

Kalmomin da Hausa ta ara su ne masu yaudara. Al-Jadawil ƙoramu ne, ƙananan magudanan ruwa, ba jadawalin darasi ba. Ɗalasim a nan abubuwan da suka ɗaure kai ne, babu ruwansu da hatimi ko laya. Al-Khama'il wurare ne masu duhuwar itatuwa, Tibr wa Turab ɗanyen zinariya da turɓaya, as-Samir abokin hirar dare. Aɗ-Ɗin kuwa, inda talaka ke tuna wa mai girman kai abin da aka yi su da shi, zaɓi kalmar da masu tafsiri ke faɗa wajen halittar Annabi Adamu, laka ko yumɓu. In ka ce taɓo, hankalin mai karatu zai tafi hanyar damina. Haka kalmar mawaƙi: ga Bahaushe tana iya kawo hoton mai kalangu da 'yan amshi, shi ya sa ko ka ce sha'iri, ko marubucin waƙa, ka kuma tsaya a kan ɗaya.

Tsara kundin

Rabon da aka saba, babi na rayuwarsa da babi na adabinsa, shi ke raba waƙa da ranarta bayan duk wahalar da ka sha wajen haɗa su. Raba bisa gari da jarida: Labanan da Iskandariyya, Sinsinati, shekarun Mir'atul Garb da ƙungiya, as-Samir mujalla, as-Samir jaridar kullum. A kowane babi waƙa da sharhin jarida da halin aljihu su tafi tare. Ba wa kowane zango fili gwargwadon shaidar da kake da ita. Yarinta, inda shaida ta yi ƙaranci, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma, kuma kada ka cike giɓin da bayanin kyawun tsaunuka da yadda suka zuba masa waƙa a zuciya. Shekarun as-Samir, 28 cikin rayuwar da ba ta kai 70 ba, su ya kamata su ci kusan rabin kundin, ko da yake a yawancin abin da ake rubutawa sakin layi ɗaya ake ba su.

Duk inda ka ambaci jarida, kawo suna da rana da lamba da shafi. Duk inda ka ambaci waƙa, kawo fitowarta ta farko sannan diwani da bugun da ka yi aiki da shi. Kafin ka miƙa wa malamin da ke duba aikin, ɗauko takardar ƙashin baya ka ba wani ya riƙe, kai kuma ka bi kundin kana karanta kowace shekara da ƙarfi yana dubawa. Sannan ka auna kowane baiti da ka kawo da aruli, don baitin da ya karye a kundinka galibi kalma ce ta faɗi wajen kwafa, sai ka koma hoton shafin ka ɗauko ta.